Haruffan Auta

Shafi na 23

Masu zagin Yaya a ƙasan shafin da ya wuce, na gan ku ɗaya bayan ɗaya, har da baiwar Allahn da ta ce in nuna mata shagon za ta je ta ja mata kunne da kanta. Ku bi ta a sannu. Wadda ba ta taɓa tsayawa a gefe ana yabon ƙanwarta a gabanta ba, ba za ta gane abin da ke cin matar nan ba. Ni dai ban ce ta kyauta ba.

*

Ranar da za a fara buga kwalayen Mai Turare, Yaya ce ta riga kowa zuwa shago, kamar kullum. Ta ɗaga ƙofar ƙarfe, ta kunna fitilu da kwamfutoci, ta jona butar shayin Baba. Da ta zo giftawa ta gaban teburin da ke bakin taga sai ta kawar da kai.

Teburin Baba ne, mai gangara, wanda ya yi shekara talatin yana zana haruffan allunan shaguna a kansa kafin hannunsa ya fara rawa. Tun ranar da ya ajiye burushi Yaya ke riƙe da shagon zane da ɗab'in nan, shekara goma sha ɗaya ke nan. Kowace safiya sai ta goge teburin, amma ba ta taɓa ɗora ko gwiwar hannu a kai ba, tana jiran ranar da zai ce mata ta zauna. Yau ga mayafin Auta a rataye a bayan kujerar, ga kofinta na jiya da ba ta wanke ba, ga fensira a warwatse har ƙasa. Yarinyar da watanta uku kacal da dawowa daga makarantar zane.

Kuma wa ya tura ta makarantar? Yaya ce. Ita ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi mata kitso, ita ta bar nata karatun ta tsaya a bakin inji, ita ta yi ta yi wa Baba naci har ya yarda yarinyar ta tafi. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa abin da ta aika a koyo shi zai dawo ya ture ta gefe ba.

Mai Turare za ta buɗe sabon kanti ne, ta zo tana son a sake wa turarenta fuska gaba ɗaya: tambari, allon ƙofa, da kwalayen da ake saka kwalba a ciki. 'Yan'uwan biyu kowacce ta kawo nata. Yaya ta ɗauko haruffan da ta amince da su a kwamfuta, masu kauri, masu tsayuwa daram, waɗanda ba su taɓa ba ta kunya a inji ba. Auta kuwa da hannunta ta zana nata, daga harafin farko har na ƙarshe, irin haruffan adon da ake yi don tambari da manyan sunaye, ba don dogon karatu ba. Dogaye ne, gefe ɗaya da ɗan nauyi, ɗaya gefen siriri kamar gashin gira, wasu da jela mai lanƙwasa a hankali. Mai Turare ta dubi na Yaya ta ce ma sha Allah, wannan zai yi wa ƙaninta kyau, taya yake sayarwa. Ta dubi na Auta ta dafe ƙirji ta ce ita har ƙamshi take ji.

Wannan bai dami Yaya sosai ba, ta saba da bakin masu kawo aiki. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne Baba. Mutumin da in ka kai masa aiki sai dai ya ce "to" ya miƙo maka abinka, ranar tashi ya yi daga kujerarsa, ya saka tabarau, ya bi haruffan da yatsansa mai rawa, ya ce wannan hannunsa ne, sai dai ya fi nasa kyau. Sannan ya nuna teburin ya ce Auta ta kwaso kayanta ta dawo nan, hasken ya fi. Yaya tana tsaye da tiren shayi a hannu. Har yau in ta tuna sai ta ji bakinta ya yi ɗaci.

Kishi ne, ba shi da wani suna, kuma ta sani. Takan yi istigfari ta wanke fuska, ta dawo ta tarar da shi yana nan inda ta bar shi. Abin haushin ma haruffan suna da kyau. Da munana ne da ta samu abin riƙewa.

Akwai dokar da Baba ya kafa tun shagon yana ɗaki ɗaya: ba a sakin aiki ga inji sai an gwada shi a ainihin girmansa, a kan ainihin abin da za a buga. Sunan turaren da ruwan zinare za a yi shi. Ana sassaƙa haruffan ne a jikin hatimin ƙarfe, a gasa hatimin, inji ya danna shi a kan siririn fallen zinare, zinaren ya manne a kwali. Gwajin a hannun Yaya yake, don ita ta san inji. Kwana goma da suka wuce, da hatimin Auta ya iso daga wurin masassaƙa, ta shiga ɗakin baya ita kaɗai ta buga ɗaya a kan guntun kwalin da aka zaɓa, mai ɗan kaushi. Ta murza da babban yatsa. Siraran layukan suka tsintsinke nan da can, zinaren ya ƙi zama a kansu, sunan ya fito kamar ɓera ya gaigaye shi.

Ta daɗe tana kallonsa. Allah ya sani, abin da ta fara ji daɗi ne, wani sanyi har tafin ƙafarta. Da ta fito, Auta ta ɗago daga teburin ta tambaye ta yaya ya fito, sai kawai ta ji bakinta ya ce lafiya lau. Auta ta tashi ta rungume ta, ko gani ba ta nemi yi ba. Wa zai nemi shaida a wurin Yaya?

Ba so take aikin ya lalace ba, haka dai take gaya wa kanta. So take Baba ya gani da idonsa, sau ɗaya tak, cewa zane a takarda daban, aikin da zai fita kasuwa daban, kuma a gidan nan akwai wadda ta san bambancin. Saboda haka safiya biyar tana zuwa da wuri, ta buɗe zanen Auta a kwamfuta, ta jingina guntun kwalin a gefenta, tana bin wuraren da suka karye tana ƙara musu nama kaɗan-kaɗan, yadda ido ba zai ce an taɓa ba amma zinare zai samu wurin zama. Aiki ne mai cin ido da wuya. A nan ta san haruffan ciki da waje. Ta ga dabarar da yarinyar ta yi a jelar harafin farko, ta ja tsaki, don ita kam ko za ta shekara a zaune ba za ta yi wannan tunanin ba. Ta aika aka sassaƙo hatimi na biyu ba da sanin kowa ba. Jiya ya iso, yana cikin aljihun teburinta a naɗe a tsumma.

Ƙarfe takwas Injiniya ya yi sallama. Dattijo ne mai kula da inji, tun zamanin burushi yake tare da Baba, ya girme ta nesa ba kusa ba, amma shi ma Yaya yake ce mata kamar kowa. Ya wuce ɗakin baya ya ɗaura hatimin Auta, ya jira ya yi zafi, inji ya fara dannawa. Ba a yi minti biyar ba ƙarar ta tsaya. Ya leƙo ya yafito ta.

"Yaya, zo ki ga wani abu. Siraran nan ba sa kamawa."

Ta karɓi kwalin ta duba kamar yau ta fara gani, har da ɗaga shi saitin fitila. Ta ce wataƙila ƙarfen ne bai gama ɗaukar zafi ba, ya ƙara masa ya ci gaba. Ya ƙara, ya buga goma, ya sake kawo mata. Yanzu masu kaurin sun fara malalewa a gefe, siraran suna nan a karye. Ya ce shi a ganinsa a dakata har Baba ya zo, irin wannan kwalin ba a samunsa a kusa, in ya ƙare ya ƙare ke nan.

"Jibi za a buɗe kanti, Injiniya. An ce kada a tsaya."

"Auta ce ta ce?"

"Ka ci gaba. Zai daidaita."

Ya cire hularsa ya sosa kai, ya mayar, ya dube ta kallon da ba ta so ba, sannan ya koma. Kowace dannawar inji a ƙirjinta take jin ta, amma ba ta tashi ba. Ta zauna gaban kwamfuta tana matsar da zanen wani katin kasuwanci dama da hagu, ba tare da tana ganin abin da take yi ba.

Wajen ƙarfe goma sai ga su. Auta riƙe da hannun Baba tana ba shi wani labari, yana dariya har ana ganin giɓinsa na gefe. Yaya ta yi ƙoƙarin tuna ranar da ta taɓa sa shi dariya irin wannan, ba ta samu ba. Ita labarin da take kai masa bai wuce inji ya tsaya ko tawada ta ƙare ba. Bayansu Mai Turare ce, ƙamshinta ya riga ta shigowa, waya a ɗage a hannu, tana cewa so take ta ɗauki kwalin farko yana fitowa daga inji ta nuna wa masu bibiyarta.

Suka wuce ɗakin baya gaba ɗaya. Yaya ce ta ƙarshe.

Injiniya yana ganin Baba ya kashe inji, ya sauke numfashi. Kwalaye sun taru a gefe, za su kai ɗari uku. Auta ce ta fara ɗauka da murmushinta. Murmushin ya ɗan jima a fuskarta bayan ta gani, don ba ta yarda da idonta ba. Ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku, ta durƙusa ta zaro ɗaya daga can ƙasa. Duk abu ɗaya.

Mai Turare ta sauke wayar. Ta tambaya ko haka zai zauna, ko akwai abin da ake shafa masa daga baya ya haɗe. Sai ta fara, ba da ihu ba, da muryar nan mai sanyi da ta fi ihu ciwo. Ta ce ta riga ta gayyaci mutane. Ta ce allon ƙofa ya hau, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yaba, yanzu a ƙarƙashinsa za ta jera kwalaye kamar an tsinto su a bola? Ta ce dama mijinta ya hana ta ba wa sabuwar fitowa aiki mai girma haka, ita ce kyan zane ya rufe wa ido. Duk maganar nan Auta take kallo, Auta kuwa kanta a ƙasa.

"Wai ba ku gwada ba ne kafin ku fara?"

Kwana goma Yaya ta yi tana tanadin amsar wannan tambayar. Ta ce an gwada, sai dai a kan ragowar wani kwali mai santsi, wannan kuwa yana da kaushi. Ƙaryar ta fita sumul babu ko tuntuɓe, har ita kanta abin ya ba ta tsoro.

"Laifina ne," in ji Auta. "Ni na zana su sirara haka, ni kuma na ce a ɗauki mai kaushin, ya fi daɗi a hannu. Yaya ba ruwanta."

Injiniya ya dubi Yaya, ya kawar da kai. Abin da ya ce kawai shi ne dole a gyara zane a sassaƙo sabon hatimi, masassaƙa kuwa ba sa yin ƙasa da kwana huɗu ko za ka kwana a ƙofarsu. Mai Turare ta ce kwana huɗu, ita da za ta buɗe kanti jibi? Ta saɓa jakarta.

Baba kuwa ya zauna a kujerar ƙarfe da ke gefen inji da kwali ɗaya a hannu, yana juya shi a haske. Shi Yaya take kallo tun ɗazu. Jira take ya ɗago ya dubi Auta da irin kallon da ya saba yi mata ita, ya ce "to". Bai dubi kowa ba, kuma hakan ya ƙara mata haushi. Ko a nan ma sai ya tausaya wa 'yar lelensa.

Lokacin da take jira dai ya zo. Ta ce Mai Turare ta ɗan dakata minti biyu, ta fita ba gaggawa, ta jawo aljihun teburinta, ta dawo da abin a naɗe. Ta warware tsumman a gaban kowa.

"Injiniya, gwada wannan."

Suka zuba mata ido. Ta ce tun ranar da ta ga siraran layukan hankalinta bai kwanta ba, shi ya sa ta ɗan ƙara musu kauri ta sa aka yi wani na ko-ta-kwana. Ba ta faɗa ba ne don kada Auta ta ga kamar an raina mata aiki. Wannan ma ta yi bitarsa ya fi sau nawa, har da inda za ta sassauta murya.

Injiniya ya sa tsumma ya kwance mai zafin, ya ɗaura sabon. Ƙarfen ya yi minti goma yana gasuwa, fanka tana ta ƙara. Mai Turare tana tsaye da jaka a kafaɗa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Sannan Injiniya ya jera kwali, ya ja hannun inji, ya ɗaga.

Sunan ya fito tas. Dogayen haruffan nan a tsaye, zinare yana bin su daga inda suka yi nauyi har inda suka sirance, jelar harafin farko ta lanƙwasa ta wuce ƙarƙashin 'yan'uwanta ba tare da ta yanke ko sau ɗaya ba. Injiniya ya murza da babban yatsa, ya sake murzawa da ƙarfi. Ko gezau. Yaya da kanta sai da numfashinta ya ɗauke, don ba ta taɓa fitar da abu mai kyau irin wannan daga injin nan ba, kuma ba nata ba ne.

Mai Turare ta ajiye jaka ta ɗago waya. Nan take ta manta da bola, ta manta da mijinta. Ta kama hannun Yaya ta ce ashe ita ce ginshiƙin gidan, ashe shiru-shirun nan aiki ne a cikinsa, daga yau duk abin da za a yi mata sai ya bi ta hannunta. Ta juya wurin Auta ta ce 'yar nan ta gode wa Allah da ya ba ta yaya, ta zauna ta koyi aiki. Injiniya ya duba ragowar kwalin ya ce zai isa a cika kantin ranar buɗewa, sauran a biyo da su daga baya. Bai sake kallon inda Yaya take ba.

Auta ta zo ta faɗa jikinta. Kuka take sosai, irin na lokacin da take ƙarama in ta faɗi a tsakar gida.

"Kin rufa min asiri, Yaya. Wallahi kin rufa min asiri."

Yaya ta ɗora hannu a bayanta tana bubbugawa. Ta ce ya isa, ba komai, ai yi wa kai ne. Hannun ya yi mata nauyi, amma ba ta janye ba.

Bayan sun raka Mai Turare bakin titi, Auta ta dawo ta wuce kai tsaye wurin teburin taga. Ta ɗauko wani kwalin takardu da babu komai a ciki ta fara kwashe kayanta: fensira, rula, kofi, littafin zanenta mai baƙin bango. Ta cire mayafin daga bayan kujera. Ta ce ba ta isa zama a nan ba tukuna, tun farko ma Yaya ce ta cancanta, ita za ta koma kusa da inji ta koyi abin da ba a koya mata a makaranta ba. Yaya ta ce haba, ta bari mana, amma ba ta faɗa da ƙarfi ba, kuma sau ɗaya ta faɗa.

Ga teburin nan wayam, rana ta faɗo a kansa. Kada in yi muku ƙarya in ce ba ta ji daɗi ba. Ta ji, har zuciyarta na bugawa. Kunya tana nan a ƙasa tana cizonta, amma daɗin ya fi ƙarfi. Abu ɗaya ya rage, Baba ya faɗa da bakinsa.

"Uwata."

Daga ɗakin baya muryar ta fito. Haka yake kiranta, sunan mahaifiyarsa gare ta. Ta shiga ta tarar ya sallami Injiniya ya je ya sha shayi. Ya jera kwali biyu a kan teburin inji, mai karyayyen suna da sabon, don hannunsa ba zai iya riƙe su tsaye ba. Ya sunkuya a kansu da gilashinsa na ƙara girma, wanda rabon da ta ga ya fito da shi daga aljihu har ta manta.

"Zauna."

Ta zauna a kan wani kwandon takardu. Bai ɗago ba ya fara magana. Ya ce a rayuwarsa ya ga masu gyaran haruffa da yawa, kuma yawancinsu kashe su suke yi. A ba su siririn abu su cika shi da nama har ya koma kamar kowane rubutu na bakin titi. Ya ce wannan gyaran sai da ya sa gilashi sannan ya gano inda aka taɓa, kuma ko da ya gano sai da ya sake dubawa.

"Wanda ya yi aikin nan ya fi wanda ya zana sanin haruffan. Ko lokacin da nake da hannuna ba zan iya shi ba. Ban san kin kai nan ba, Uwata. Laifina ne da ban duba ba."

Idanunta suka cika. Shekara goma sha ɗaya. Ta danne bakinta da bayan hannu don kada kukan ya fito, ta sunkuyar da kai, ta ce na gode, Baba, amma ita kanta ba ta ji muryarta ba.

"Matso ki gani."

Ta matso. Ya ɗauki fensir, hannun yana rawa, ya dafe shi da ɗayan. Ya nuna jelar harafin farko a karyayyen kwalin, inda zinare ya yanke, sannan ya nuna wurin a sabon. Ya ce ɗaya. Ya nuna wuyan harafi na biyu. Biyu. Ya bi su a hankali, kwali zuwa kwali, yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa kamar mai koya wa yaro. Tun a na huɗu hawayenta suka tsaya.

"Bakwai," in ji Baba.

Ya ajiye fensirin.

"Siraran layuka a sunan nan sun haura ashirin. Mai yin ko-ta-kwana duka yake ƙara wa kauri, don bai san inda zai karye ba. Bakwai ne suka karye. Bakwai kika taɓa. Ba shida ba, ba takwas ba."

Fanka tana ta juyawa. A waje wata mota ta yi hon ta wuce. Yaya ta nemi amsa cikin duk waɗanda ta tanada, ta tarar babu ko ɗaya da ta yi wa wannan. Ta yi tunanin kowa, Mai Turare, Injiniya, Auta, ta manta da mutumin da ya koya mata kallon harafi.

Sai a lokacin ya cire tabarau ya dube ta. Babu faɗa a fuskarsa, da ma faɗan ne da ya fi mata sauƙi.

"Ranar da kika fito daga ɗakin nan kika ce wa ƙanwarki lafiya lau, ina zaune ina jin ki. Tambaya ɗaya zan yi miki, kuma abin da kika faɗa shi zan ɗauka. Kin gani, ko ba ki gani ba?"

A bayanta ta ji wani abu ya zame ya faɗi, fensira suka gangaro a kan siminti har gaban ƙafarta. Ta waiwaya. Auta ce a bakin ƙofa, rungume da kwalin kayanta da ta kawo kusa da inji, idanunta ba su gama bushewa daga kukan ɗazu ba. Ba Baba take kallo ba.

"Yaya," ta ce a hankali, "ki ce masa ba ki gani ba."